Maganin cire dalma daga jini: awonsa da inda ake tafka kuskure

Mai fasa tsohon batirin mota a Accra, ko a Nima yake kwana ko a Sabon Zango, ƙurar dalma tana bin rigarsa har ɗaki, kuma yaro mai rarrafe ne ke kwasarta da hannu. Wani kwallin ma yana ɗauke da ita.

Magungunan da ke fitar da ita damƙe ƙarfen suke yi, su mai da shi abin da ke narkewa, ƙoda ta zubar da shi a fitsari. Kafin a fara sai an gwada jinin jijiya, domin na yatsa ƙurar fata kan gurɓata shi. Ga yaro, ana duba batun magani idan dalmar ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini. Wani binciken Amurka da aka buga a 2001 ya nuna cewa a ƙasa da haka, succimer, maganin cire dalma da ake sha ta baki, bai gyara kaifin ƙwaƙwalwar yara ba.

Succimer, wato DMSA, shi aka ba yaran Zamfara da gubar dalma ta kama a 2010. Awonsa miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a yini har kwana 5, sannan sau biyu har kwana 14. Yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi ya sa ake buɗe kwanson a zuba a ɗan abinci. Bayan an gama, dalmar da ta ɓuya a ƙashi tana sake kwararowa cikin jini, don haka dole a maimaita gwaji bayan mako biyu ko uku. Idan kuwa yaron ya koma ɗakin da ba a kwashe ƙurar ba, an yi aikin baban giwa.

Maganin allura kuwa aikin asibiti ne zalla. EDTA, sinadarin da ke damƙe ƙarfe, wanda aka haɗa da kalsiyam ake bayarwa. Marar kalsiyam yana zuƙe kalsiyam ɗin jini har zuciya ta tsaya, kuma ba da shi a madadin mai kalsiyam bisa kuskure ya kashe yara a Amurka. Dimercaprol kuma, wani maganin allurar, cikin man gyaɗa ake haɗa shi, wanda haɗari ne ga wanda jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, ga shi yana fasa ƙwayoyin jinin mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jini, abin da ya yawaita a yankinmu.

EDTA marar kalsiyam, wanda aka haɗa da fotasiyam, shi ne a kwalbar gwajin jini mai jan-algashin murfi, inda yake kama kalsiyam don kada jinin ya daskare. Wanda ya auna kalsiyam ko fotasiyam daga cikinta zai samu sakamakon ƙarya.