Kafin ka ce "anjima zan goge"

Ɗazu ina kallon wani yaro a wajen aikinmu yana buɗe sabon databes (rumbun bayanai) a RDS, wato sabis ɗin Amazon na hayar databes, wai gwaji kawai zai yi, ya zaɓi babba, har ya kunna Multi-AZ, wato a ajiye masa databes na biyu a wata cibiya daban don ko-ta-kwana. Na ce ƙanena ka san kusan ninki biyu za a biya kuwa? Ya ce ai anjima zai goge, ko ɗago kai bai yi ba.

Nima anjiman nan ce ta kai ni ta baro. Duk aikin da ya zo sai in buɗe na gwaji, in ƙara masa kwafin karatu (wani kwafin databes ɗin da ake karanta bayanai kawai daga gare shi), aiki ya ƙare in manta. Amma fa a yi adalci, lokacin ni kaɗai nake riƙe da komai, kuma ba wanda ya taɓa nuna min bil ɗin, masu kuɗi ne ke gani. To da na farga sai na tsayar da su ina jin na yi wayo, ashe wanda ka tsayar bayan kwana 7 da kansa yake tashi, kuma ko yana tsaye kuɗin ma'ajiyarsa bai daina tafiya ba. Na goge wasu, sinafshot ɗin (kwafin ajiya na databes) da na ɗauka da hannu suna nan zube ana cajinsu, ga ma'ajiyar da na ƙara ma girma don tsoro, ita kuma ba ta raguwa in ka ƙara. Laifina ne, na yarda, amma wa ya koya min?

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma yaran yanzu ba kwa karanta abu mai tsawo. Ku buɗe CloudWatch, inda Amazon ke nuna yadda ake amfani da kayanka, ku duba DatabaseConnections, wato yawan masu haɗuwa da databes, duk databes ɗin da ya kwanta a sifili ba mai taɓa shi, a goge.

Kai, a'a, kar ku yi saurin gogewa. Na taɓa goge wani da ya yi shiru sati biyu, ashe ƙarshen wata kaɗai ake haɗa rahoto da shi, ranar na sha faɗa. Ku duba fiye da wata guda, ku yi cigiyar mai shi, ku ɗau sinafshot na ƙarshe tukuna. Eh na sani yanzu na gama kuka da sinafshot, to ku sa masa ranar gogewa.

Kuma don Allah duk abin da ka buɗe ka liƙa masa sunanka da dalili, ba "test2" ba.