Tafiyata Gabashin Jamus: Abin da Na Gani Game da 'Yan Nazin Zamani

A watan Oktoban 2024 na je Jamus wurin ɗan yayata da ke karatun injiniya a birnin Chemnitz. Allah ya sauki matarsa lafiya, aka samu 'ya mace, dangi suka ce in je in yi barka a madadin kowa. Kusan duk wanda na yi wa sallama a Kano, in dai mai sauraron rediyo ne, sai ya ce, "Gabashin Jamus? Ai can ne matattarar masu ƙyamar baƙi." Na tafi ina son in gane wa idona yawan mutanen nan da ke cewa farar fata ta fi kowa, kuma ko mutum zai yi karo da su in ya fita sayen burodi.

Na sauka a Frankfurt, na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Leipzig, inda yaron ya tarye ni. Daga nan sai ƙaramin jirgi zuwa Chemnitz, tafiyar kamar awa ɗaya. Ranar Asabar ce, ranar ƙwallo. Muna shiga taragon da ya tsaya a gabanmu na aje jaka zan zauna, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kawu, mu ƙara gaba." Muka wuce wasu samari da kwalaben giya a hannu, suna waƙa da ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai aski ƙwal, ya miƙe ƙafa a hanya, bai janye ba sai da muka tsallake. A ƙwaurinsa akwai zanen lamba 88. Bai ce mana uffan ba, kallo kawai ya bi mu da shi har muka shige. Sai da muka zauna a taragon farko, kusa da ɗakin direba, yaron ya yi mini bayani da Hausa a hankali: harafi na takwas a abacadan Turawa shi ne H, to 88 na nufin HH, gaisuwar da ake yi wa Hitler. Lamba 18 kuma harufan farko ne na sunansa.

Abin da ya sa suke fakewa da lambobi shi ne doka. A Jamus, nuna tambarin 'yan Nazi ko ɗaga hannu irin gaisuwarsu a bainar jama'a laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 3. Ko lambar mota ba a bayar da mai harufa irin SS ko KZ ko HJ, waɗanda ke nuni da ƙungiyoyi da sansanonin 'yan Nazi. Saboda haka wanda ya zo yana neman mutum mai tutar Hitler a kafaɗa zai daɗe bai gani ba. Alamomin suna jikin riga, a zanen wuya, a sitikar bayan mota, kuma sai wanda aka koya wa karatunsu yake gani. Ni kaina da zan wuce ƙaton nan in ɗauka shekarar haihuwarsa ce ya rubuta.

Hukumar leƙen asirin cikin gida ta Jamus tana fitar da ƙididdiga duk shekara. A rahotonta na 2023 ta ce masu tsattsauran ra'ayin fifita jinsin Jamusawa sun kai kusan 40,600, daga ciki kusan 14,500 a shirye suke su tayar da tarzoma. Ƙasar kuwa tana da mutum sama da miliyan 83. In ka yi lissafi, a cikin kowane mutum dubu biyu da ka gani, ɗaya ne nasu. Kaɗan ne ƙwarai. Kuma gaskiya mafi yawan kwanakin da na yi a garin ban ga komai ba sai mutane da ke sabgar gabansu. Tsohuwar da ke bene na ƙasa a gidan da yaran ke haya ta saƙa wa jaririyar safa da hula da hannunta, ta hawo da kanta tana haki ta kawo. Mai gidan burodin unguwar kullum sai ta gyara mini lafazin Jamusancina tana dariya, ta ƙara mini ɗan guntun kek in ɗanɗana.

Amma zaman da na yi da yaran nan ya nuna mini cewa lissafin kai bai isa amsa ba. Kunama ɗaya ce ke shiga ɗaki, amma duk wanda ya kwana a ɗakin sai ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa. Matar yaron tana sa hijabi. Wata rana da yamma muna shan shayi na tambaye ta ko an taɓa yi mata wani abu. Ta ce, "Kawu, duka dai ba a taɓa yi ba, alhamdu lillahi. Amma lokacin ina da ciki wani ya tofa yawu a gabana a tashar mota, ya ce in koma inda na fito. Mutane na tsaye, ba wanda ya ce kanzil." Ta ce shirun nan ya fi yawun yi mata ciwo. Tun daga ranar ba ta fita ita kaɗai bayan magariba. Sun san ranakun da ake wasan ƙwallo a gida ba don suna kallo ba. Sun san layin motar da ba a shiga da dare, da ƙauyukan kan tsaunin Erzgebirge da ba za su je yawon buɗe ido su kaɗai ba duk da kyawunsu. Yaron ya ƙi karɓar wani aikin wucin gadi mai kuɗi a wani ƙaramin gari saboda ana tashi ƙarfe goma na dare, tashar jirgin garin kuma ba kowa a lokacin. Babu rahoton hukuma da ke ƙirga irin wannan, kuma shi ne ya fi yawa a rayuwarsu.

A tsakiyar Chemnitz akwai wani ƙaton kan Karl Marx na tagulla, tun zamanin da garin ke amsa sunan Karl-Marx-Stadt a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas. Nan muka tsaya ɗaukar hoto, nan kuma dubban masu zanga-zanga suka taru a ƙarshen Agustan 2018, bayan an kashe wani Bajamushe da wuƙa a faɗa da wasu masu neman mafaka. An ga waɗanda suka ɗaga hannu irin na Hitler a gaban 'yan sanda da kyamarori, an bi baƙi da gudu a titi, an kuma jefi wani gidan abinci na Yahudawa. Abin da ya tsaya mini a rai game da ranar shi ne riƙaƙƙun 'yan Nazin ba su ne mafi yawa a taron ba. Sauran magidanta ne da tsofaffi da mata, waɗanda suka ga hannayen nan a sama suka ci gaba da tafiya tare da su.

Turakun fitilun titi ma suna ba da labari. Za ka ga an manna sitikar ƙyamar baƙi, wani ya zo ya kankare rabinta da makulli, wani ya liƙa tasa a kai mai cewa ana maraba da 'yan gudun hijira, wani kuma ya zo ya yage wannan. A wani turke kusa da tasha na ga an yi hawa kan hawa har ya yi kauri. Lokacin da na je ba a daɗe da zaɓen jihohi ba. Ranar 1 ga Satumba jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta samu kashi 30.6 cikin ɗari a Saksoni, jihar da Chemnitz take, ta kuma zo ta ɗaya a Thuringia da kashi 32.8. Jagoranta a Thuringia, Björn Höcke, a shekarar ne kotu ta ci shi tarar Yuro 13,000 saboda amfani da wani taken dakarun Nazi a wurin gangami. Ba zan ce duk wanda ya zaɓe su ɗan Nazi ne ba, don zai zama zalunci. Akwai mai fushi da tsadar rayuwa, akwai wanda yake ganin tun haɗewar Jamus a 1990 an mayar da gabas saniyar ware. Sai dai duk wanda ya dangwala musu ya san abin da aka ci jagoran nan tara a kai, kuma bai hana shi ba. Wannan ya fi ƙaton cikin jirgi tayar mini da hankali.

Ni na matsa mu je Zwickau, don na daɗe da sanin labarin. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Garin masana'antar mota ne, shiru, tsaf-tsaf. A nan wasu mutum uku 'yan asalin Jena, Uwe Mundlos da Uwe Böhnhardt da Beate Zschäpe, suka yi shekaru a ɓoye. Sun gudu daga hannun 'yan sanda a 1998, suka fara fakewa a Chemnitz da taimakon abokan aƙidarsu, sannan suka dawo Zwickau. Ƙungiyarsu ta 'yan Nazin zamani mai suna NSU ta kashe mutum 10 tsakanin 2000 da 2007: takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya ɗan asalin Girka, da wata 'yar sanda Bajamushiya. Na farko shi ne Enver Şimşek, mai sayar da furanni a bakin titi a Nuremberg. Yawancin sauran ma masu ƙananan sana'o'i ne, tela, mai kayan miya, mai shagon intanet, kowa aka iske shi a wurin neman abincinsa aka harbe. Shekara da shekaru 'yan sanda suna tuhumar iyalan mamatan, suna cewa rikicin ƙwaya ne ko na bashi a tsakanin Turkawa. Matan da aka kashe wa mazaje aka riƙa yi wa tambayoyi kamar su ne masu laifi. Asiri bai tonu ba sai a Nuwamban 2011, bayan fashin banki a Eisenach, inda aka tsinci gawar mazan biyu a cikin motar kwana, ita kuma Zschäpe ta cinna wa gidansu wuta ta gudu. A 2018 kotun Munich ta yanke mata ɗaurin rai da rai.

Mun je titin da gidan yake, Frühlingsstraße. An rushe ginin, yanzu fili ne mai ciyawa. Unguwa ce ta rufin asiri, gidaje masu ɗan lambu a gaba, wani dattijo na share busasshen ganye a ƙofar gidansa. Na tsaya ina kallon tagogin maƙwabta. Mutanen nan sun zauna da su, sun gaisa da matar a matakala, sun san ta da wani suna na bogi, sun san tana da kyanwoyi biyu. Ranar da ta ƙona gidan ma sai da ta miƙa kyanwoyin ga wata maƙwabciya. Duk bazara sukan tafi hutu bakin teku kamar kowa. Yaron ya ce, "Kawu, ka ga abin da nake gaya maka. Mai zane a ƙafa ai na gan shi, zan kauce." Daga nan muka gangara lambun da ke bakin tafkin garin, inda aka dasa itatuwa goma don tunawa da mamatan. Itacen farko da aka dasa da sunan Enver Şimşek a 2019 bai yi wata guda cikakke ba wani ya zo da dare ya sare shi da zarto. Mutanen gari suka tara kuɗi aka sake dasawa, har shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta zo ta aje fure. Duka biyun a gari ɗaya suke, wanda ya sare da waɗanda suka dasa.

Dresden ce zangona na ƙarshe. Birni ne mai kyan gaske a bakin kogin Elbe, an sake gina majami'u da fadojin da bama-bamai suka rusa a Fabrairun 1945. Duk shekara a watan 'yan Nazin zamani kan yi jerin gwano da sunan makoki, dubban mazauna birnin kuma su riƙe hannun juna su kewaye tsakiyar gari don nuna ba sa tare da su. A nan aka kafa ƙungiyar Pegida mai ƙyamar Musulunci a 2014, ta yi shekara goma tana gangamin ranar Litinin, kuma a watan da na je ta yi na ƙarshe. Mun tsallaka gada zuwa dandalin da aka sa wa sunan Jorge Gomondai, ɗan Mozambik da ya zo aikin ƙwadago tun zamanin gurguzu. A 1991 wasu samari suka far masa a cikin taragon cikin gari da dare, ya faɗo daga ciki, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Ɗan dutse ne kawai da sunansa, mutane na wucewa da kekuna.

Daga nan na ce a kai ni babbar kotun birnin. A cikinta ne ranar 1 ga Yulin 2009 aka kashe Marwa El-Sherbini, 'yar Masar mai ilimin harhaɗa magunguna. Wani mutum ya zage ta a filin wasan yara saboda hijabinta, ya kira ta 'yar ta'adda. Ta bi hanyar da doka ta tanada, ta kai ƙara, aka ci shi tara, magana ta je ɗaukaka ƙara. Ta gama ba da shaida ke nan za ta fita ya zaro wuƙa daga jaka ya yi ta caka mata, a gaban alƙali, a gaban mijinta da ɗansu mai shekara 3, tana ɗauke da juna biyu. Mijin ya yi kukan kura don ya kare ta, shi ma aka sossoke shi, ɗan sandan da ya shigo kuma ya harbe shi a ƙafa don ya ɗauka shi ne maharin. Yanzu an sa wa ɗan lambun da ke gaban kotun sunanta. Matar yaron ba ta taɓa zuwa wurin ba sai ranar. Ta tsaya da jaririya a goye, muka ɗaga hannu muka yi wa Marwa addu'a, Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari.

A jirgin komawa suka ɗauko zancen da na fahimci sun daɗe suna yi. Ita tana so da ya gama karatu su koma yammacin ƙasar, Hamburg ko Köln, inda baƙar fata da masu hijabi suka fi yawa, har akwai Hausawan Gana da Nijar da za ta riƙa shiga cikinsu. Shi kuma ya tuna mata cewa Solingen, inda aka ƙona gidan Turkawa mutum 5 suka mutu a 1993, a yamma take, haka ma Hanau, inda aka harbe mutum 9 a Fabrairun 2020, tana dab da Frankfurt. Ya ce malamansa na son riƙe shi, haya a Chemnitz da sauƙi, ga tsohuwar ƙasa da ta ɗauki yarinyar kamar jikarta. Suka juyo suna jiran ta bakina. Na ce masa, "Ɗana, kai da rana kake fita, cikin abokan karatu. Ita ce ke tsayawa a tasha da hijabi da goyo. A wannan magana ra'ayinta ne a gaba." Ya ce ya ji, kuma zai fara neman aiki a Hamburg da zarar ya miƙa kundin bincikensa.