Kada ku toshe wa tuntuɓen shafi baki

Ƙannena masu karatun kimiyyar kwamfuta a Gusau da Kauran Namoda da Birnin Kebbi da Aliero, na san wasunku sun ƙosa da rubuta ƙananan shirye-shirye a saman babbar manhaja, suna son su leƙa ƙarƙashinta. Duk wanda ya kama wannan hanya, ko ya zauna rubuta ɗan ƙaramin kanel nasa, wato zuciyar babbar manhaja mai kula da injin, ko ya buɗe xv6, ƙaramar babbar manhajar koyo da jami'ar MIT ke koyarwa da ita tun 2006, ranar da ya kunna tsarin shafuka zai gamu da tuntuɓen shafi, wato page fault. Furosesa za ta tsaya cak a kan wani umarni, ta miƙa wa kanel ragama. Abin da mutum zai yi a wannan gaɓa shi ne maganata a yau, domin a nan na fi yin asarar lokaci, kuma ba na son ku maimaita.

Furosesar x86 tana yanka ma'adana shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096. Adireshin da shiri yake gani ba shi ne ainihin wurin da ke cikin RAM ba, sai an fassara shi ta teburin shafuka, wanda rajistar CR3, ɗaya daga cikin 'yan ma'ajiyoyin cikin furosesa, ke nuna tushensa. Kowane layi na teburin yana ɗauke da izini. Bit na 0 yana faɗin ko shafin yana nan, na 1 ko a yi rubutu a cikinsa, na 2 ko shirin mai amfani zai iya taɓa shi ko na kanel ne kaɗai, na 63 kuma yana hana a gudanar da abin da ke cikinsa a matsayin umarni. Idan abin da aka nema bai dace da izinin ba, sai furosesa ta tada tuntuɓe mai lamba 14, ta ajiye adireshin da ya jawo shi a rajistar CR2, ta kuma ɗora wata 'yar lamba mai bayyana dalili a kan sitak, wato wurin ajiyar wucin gadi a ma'adana.

Da na fara, duk tuntuɓen da na gani ɗaukarsa nake yi abokin gaba ne. Maganina ɗaya ne: in buɗe izini. Na kunna bit ɗin rubutu da na mai amfani a kowane shafi, har da na kanel, allo ya yi tsit, na ɗauka na gama. Bayan makonni sai ga wani shirin gwaji da manuninsa, wato adireshin da yake riƙe da shi, ya kauce yana rubutu a kan bayanan kanel. Injin yakan mutu can nesa da inda ɓarnar ta faru, a wani wurin da ba ruwansa, kuma kowace rana wurin daban ne. Da izinin yana daidai, da furosesa ta kama shirin a kan ainihin umarnin da ya yi laifin, ta ba ni adireshi a hannu. Ni da kaina na kori mai shaidar.

Ku ɗauki tuntuɓe kamar sallama a zaure. Wani mai sallamar ɗan gida ne da bai san an sauya masa ɗaki ba, wani baƙo ne da za a shimfiɗa wa tabarma, wani kuwa ba shi da hurumin wucewa ciki. Mai hankali yakan fito ya ga ko wane ne, ba ya rushe zauren don a daina damunsa.

Mafi yawan tuntuɓen da ke faruwa a kwamfutar da ke gabanku halastacce ne. Idan shiri ya nemi wuri a Linux, kanel yakan yi masa alkawari ne kawai, ba ya ware shafi na gaske sai ranar da aka taɓa shi. Taɓawar farko ta jawo tuntuɓe, kanel ya samo shafi, ya cika shi da sifili, ya gyara tebur, furosesa ta sake gudanar da umarnin da ya tsaya, shirin bai ma san an yi ba. Dabarar tsohuwa ce, tun kwamfutar Atlas ta Manchesta a 1962 ake aiki da ita. Don haka mai karɓar tuntuɓe, wato sashen kanel da furosesa ke miƙa wa ragama, alƙali ne, kuma ba ya hukunci sai ya ji bayani.

Bayanin yana cikin 'yar lambar nan. Bit ɗinta na 0 idan sifili ne, shafin ba ya nan, idan ɗaya ne, yana nan amma an keta izini. Na 1 yana bambance karatu da rubutu, na 2 yana faɗin ko daga shirin mai amfani ne ko daga kanel, na 4 kuma ko wajen ɗauko umarni abin ya faru. Lamba 4 ke nan shiri ya karanta shafin da ba ya nan, 6 ya yi rubutu a shafin da ba ya nan, 7 ya yi rubutu a shafin da yake nan amma na karatu ne kawai. Na daɗe ina buga saƙon cewa an yi tuntuɓe kawai, ba tare da waɗannan lambobi ba, sannan in zauna ina canke. Layin farko na mai karɓarku ya kwashe CR2, domin tuntuɓe na biyu zai goge shi, sannan ya buga shi tare da lambar dalili da adireshin umarnin. Masu bin xv6 na furosesar RISC-V, naku suna cikin rajistocin scause da stval da sepc, kuma a scause 12 ɗauko umarni ne, 13 karatu, 15 rubutu.

Inda na fi shan wuya shi ne fork, kiran da shiri ke yi don ya haifi kwafin kansa. Idan shiri ya haifi ɗa, ba a kwafe masa ma'adana nan take. Uba da ɗa sukan yi tarayya a shafuka, a mayar da su duka na karatu kawai, duk wanda ya fara rubutu ya yi tuntuɓe, a lokacin ne za a yi masa kwafi nasa. Na rubuta wannan, gwajin farko ya wuce lafiya. Amma idan ɗan ya nemi kanel ya karanto masa fayil cikin wani wurinsa, sai bayanan su bayyana a wurin uban ma. Na bi lissafin masu tarayya a shafi layi-layi, ban ga aibu ba. Ashe aibun yana rajistar CR0. Akwai bit na 16 a cikinta, WP, wanda idan ba a kunna shi ba, kanel yakan yi rubutu a shafin karatu ba tare da furosesa ta ce uffan ba. A zamanin furosesar 80386 ta 1985 babu wannan bit, sai a 486 aka kawo shi, kuma har yau idan injin ya tashi a kashe yake. Layi ɗaya ne ya gyara abin. Su kuma na xv6, tarkonku yana cikin copyout, aikin da ke kwafe bayanai daga kanel zuwa shiri, domin kanel ɗin yana bin tebur da kansa ya rubuta kai tsaye, furosesa ba ta duba masa izinin shafin mai amfani, dole ku duba da hannunku.

Tarko na biyu a wannan wuri shi ne TLB, 'yar ma'ajiyar da furosesa ke riƙe fassarar da ta yi kwanan nan. Idan kun rage izini a tebur ba ku share tsohuwar fassarar ba, uban zai ci gaba da rubutu a shafin da kuke zaton kun kulle. Irin wannan cuta ba ta fitowa kullum, yau ta bayyana gobe ta ɓuya, shi ya sa take cin rai. Ku sa wa kanku doka: duk inda hannu ya taɓa layin tebur, umarnin share tsohuwar fassara, invlpg, ya biyo baya, ko sfence.vma a RISC-V.

Kada ku ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce kawai. Raunin da aka sa wa suna Dirty COW, wanda aka bayyana a Oktoban 2016, yana cikin wannan hanyar ta kwafi bayan rubutu a Linux, kuma ya zauna a can tun 2007. Tsere ne tsakanin zare biyu, wato sassan shiri biyu masu gudana lokaci guda, wanda ya ba shiri marar iko damar rubutu a fayil ɗin karatu kawai har ya zama mai cikakken iko, kuma wayoyin Android ma ba su tsira ba. Idan wurin ya kada ƙwararru shekara tara, ya cancanci ku bi shi a hankali.

Akwai kuma ranar da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin don gwada kanel, zai riƙa mutuwa yana tashi ba saƙo ko ɗaya. Galibi mai karɓar tuntuɓen ne da kansa ba a iya kaiwa gare shi, ko sitak ɗinsa ba ya cikin tebur. Tuntuɓe a kan tuntuɓe ya zama ninki biyu mai lamba 8, idan shi ma ya gagara, injin ya sake tashi. Ku ƙara -no-reboot da -d int a umarnin QEMU, za ku ga jerin abin da ya faru. Da na san wannan da wuri, da ban yi ta zargin zafin Afrilu da ɗauke wuta ba.

Game da bit na 63, AMD ce ta kawo shi wa x86 a 2003, shekarar da OpenBSD 3.3 ya fito da ƙa'idar cewa shafi ko dai na rubutu ne ko na gudanarwa, ba duka biyu ba. Ku bi wannan ƙa'ida tun ranar farko, domin ɗora ta daga baya ya fi wuya. Amma ku kunna NXE a rajistar EFER tukuna, in ba haka ba furosesa za ta ɗauki bit ɗin haramtacce, ta yi tuntuɓe da bit na 3 na lambar dalili a kunne. Kuma kada kanel ɗinku ya amince da manunin da shiri ya miƙo masa. Linux yana bi ta copy_from_user ne, wanda idan adireshin ruɓaɓɓe ne yakan dawo wa shirin da saƙon kuskure EFAULT maimakon injin ya faɗi.

Wanda bai kai ga rubuta kanel ba tukuna, tsohuwar laftof mai RAM giga 4 da Linux a kanta ta ishe shi farawa. Ku buɗe /proc/self/maps ku ga haruffan r da w da x, wato karatu da rubutu da gudanarwa, a gaban kowane yanki. Ku rubuta ɗan shirin C da zai nemi shafi ɗaya da mmap, ya mayar da shi na karatu da mprotect, sannan ya yi rubutu a ciki. Kafin ku gudanar da shi, ku rubuta a takarda lambar dalilin da kuke sa ran gani, sannan ku duba saƙonnin kanel da umarnin dmesg. Ku sake gwadawa sau biyu, sau ɗaya bayan kun taɓa shafin kafin mprotect, sau ɗaya ba ku taɓa ba, ku ga ko lambar ta sauya.