Kyautar Kirsimeti da sunan uba

Asabar ɗin nan cocinmu a Houston, jihar Texas ta Amurka, ta raba kayan Angel Tree, shirin da Mary Kay Beard ta fara a 1982 bayan ita ma ta yi zaman kurkuku. Fursuna ne ke rubuta sunan ɗansa, mu kuma mu sayi kyauta mu kai gidan da sunansa. Yaro ya karɓa a matsayin saƙon babansa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Yawancin gidajen da muka je 'yan Meziko da Honduras ne, Sifaniyanci suke ji, sai wata 'yar'uwa ta yi mana tafinta. Wata uwa ta daɗe kafin ta buɗe ƙofa, tsoron jami'an shige da fice ya hana ta sakin jiki da baƙo. Mijinta na tsare, ita kaɗai ke biyan haya da aikin shara da dare.

'Yan'uwa, kwali ɗaya a Disamba bai isa ba. Matan nan na buƙatar mai kai su ziyara, don gidajen yarin Texas da yawa suna nesa da gari. Mai mota da zai iya ba da Asabar ɗaya a wata, don Allah ya yi mini magana.