Roberto Clemente ya tsaya mini a rai

Jiya da dare na ci karo da tsohon bidiyon Roberto Clemente, ɗan wasan besbol na Puerto Rico, na yi ta maimaita shi. Ku ga yadda yake cafe ƙwallo can ƙarshen fili ta dama, ya juya jiki guda, ya wurgo ta kamar harsashi har hannun abokin wasansa!

Shekara 18 ya yi a ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka. 'Yan jarida sun sha yi wa Turancinsa ba'a, ga wariyar launin fata, amma bai sunkuyar da kai ba.

Ƙarshensa ne ya fi taɓa ni. A Disamba 1972 girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nicaragua. Ya tara abinci da magunguna ya aika, sai ya ji jami'an gwamnatin Somoza, mai mulkin ƙasar, na karkatar da kayan. Wallahi wani da ya haƙura, shi kuwa ya ce da kansa zai raka kaya na gaba. Ranar 31 ga wata jirgin saman da ya hau, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi. Shekararsa 38, ya bar mata da 'ya'ya uku, ba a kuma ga gawarsa ba.