Bayan ka sha ƙasa a filin atisaye, bi sawun abin da ya kayar da kai

Idan mahayin babban mashin ya sha ƙasa a filin atisaye, maganar da ke biyo baya a rumfa sananniya ce. A ce Allah ya kiyaye na gaba, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi kuma mai mashin ya ce taya ce ta yaudare shi. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja. Sai dai kowace faɗuwa tana da sanadi, kuma sanadin yakan bar shaida a kan kwalta, a jikin taya da jikin mashin. Wanda ya ɗora wa taya laifi ya tafi gida, sabuwa zai saya ya dawo ya sake faɗuwa a kwanar nan dai.

Maganar rufaffen fili ake yi, inda babu mota, kowa na tafiya fuska ɗaya, ga masu tuta, ga motar asibiti a gefe, ko filin tsere na Evbuobanosa a jihar Edo ne, ko wani wuri da aka killace a nan Abuja. Titin filin jirgi da titin Kubwa ranar Lahadi da safe ba sa cikin lissafi. Can idan ka zame, ƙarfen gefen titi ne ko tayar tirela ke jiranka, ba ciyawa ba.

Da ka ji mashin ya bar ƙarƙashinka, sake shi. Mai cc 600 ko 1000 yana kai kilo 190 zuwa 200 idan da mai a tanki, riƙe kansa ba zai tsayar da shi ba, sai dai ya ja ka ko ya danne maka ƙafa. Kada ka tokare ƙasa da tafin hannu, nan ne wuyan hannu ke karyewa, da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Kuma kada ka yi gaggawar miƙewa. Mai zamewa a kwalta yakan zaci ya tsaya alhali yana tafiya, ya kafa ƙafa zai tashi, ƙafar ta kama, ya shiga wuntsilawa. Ƙirga zuwa biyar bayan ka ga kamar ka tsaya, dubi inda mashina ke ɓullowa, sannan ka fice zuwa bayan shinge. Bar mashin inda yake har a ɗaga jar tuta, alamar dakatar da gudu a fili. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma idonsa ba a kanka yake ba.

'Yan uwa da za su rugo taimako su ma su ji: wanda ya kasa tashi ba a ciccibarsa kamar yadda aka saba a bakin titi, ba a fizge masa hular kwano, ba a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa daidai da jikinsa har ma'aikatan lafiya su iso. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma ba a yarda da “lafiya lau nake” ɗinsa, domin zafin faɗuwa yana ɓoye ciwo. Idan yana maimaita tambaya ɗaya, ko ya manta yadda abin ya faru, ko jiri, ko amai, ko ciwon kai, ƙwaƙwalwa ta bugu, hawa ya ƙare ranar, sai asibiti. Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da cibiyar kula da waɗanda suka ji rauni, lambar hukumar kiyaye haɗura kuma 122 ce. Akwai wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, wanda karayarsa kan ƙi fitowa a hoton farko. Idan wurin yana zafi in an danna, a ɗaure hannun, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isa ƙashin nan sosai, in aka yi sakaci yakan ƙi haɗewa. Hoto dai kafin maganar ɗori.

To, jiki ya samu lafiya, sai bincike. Faɗuwar kwana iri biyu ce. Ta farko zamiya: taya ta saki, mashin ya kwanta ta ɓangaren da ya karkata, kai da shi ku tafi a ƙasa. Ta biyu cilli: tayar baya ta zame gefe, mahayi ya firgita ya rufe totur gaba ɗaya, tayar ta sake kama kwalta farat ɗaya alhali mashin ya juya, sai ya miƙe da ƙarfi ya wurga shi sama. Zamiya takan ci bodi da fatar kaya. Cilli ƙashi take ci.

Idan aka rufe fili, nemi izini ka taka zuwa kwanar da ƙafa. Inda mashin ya tsaya ba shi da amfani, inda ƙarfe ya fara kartar kwalta ake nema, daga nan a koma baya mita 10 ko 20, wataƙila a ga baƙin layin taya. Idan kartar ta fara a bakin shiga kwana, kusan kullum tayar gaba ce da birki. Idan a tsakiya ne, duba matakin ƙafa, jak da salansa, ko ɗayansu ya taɓa ƙasa ya ɗaga taya, ka duba ko ka fita daga layin da kowa ke bi ka hau ƙura. Idan a mafita ne, hannun dama mai murɗa totur ne da tayar baya. Sannan tambayi kanka zagaye na nawa ne. Na farko ko na biyu, taya ba ta ɗau zafi ba. Zangon ƙarshe na yamma, gajiya da ƙishirwa. Mai kyamara a jikin mashin ya saurari ƙarar inji fiye da kallon hoton, ita za ta faɗi daidai inda aka rufe totur da inda aka murɗa shi. A rubuta duk wannan a ranar. Bayan sati ɗaya na ba da labari a majalisa, labarin ya gyaru, laifin ya koma kan taya.

A ganina yawancin faɗuwar sababbi tun kafin kwana take farawa, daga saurin shiga. Mutum ya ji gudu ya yi masa yawa, sai ya karkata da wuri ya manne wa cikin kwana don nan ne ya fi masa kama da mafaka. Amma wanda ya shiga da wuri, layinsa waje yake nufa. Yana isa tsakiya sai ya ga kwalta tana ƙarewa, idonsa ya kafe a kan ciyawa, hannuwa su sandare, yatsu su cafki birki alhali mashin na kwance. Inda taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin katin ATM da yawa ba, kuma wannan ɗan wurin ne ke ɗaukar nauyin birki da na karkata a lokaci ɗaya. Abin da karkata ta cinye, birki ba zai samu ba. Ana iya shiga kwana da birki a hannu, ƙwararru haka suke yi, amma suna sakinsa a hankali gwargwadon yadda mashin ke kwantawa. Cafka ce ke kayarwa, domin tayar gaba tana buƙatar nauyi ya sauko mata tukuna kafin ta iya riƙe birki mai ƙarfi. Matsa kaɗan, shokoziba ta nutse, sannan ka ƙara.

Maganin saurin shiga shi ne alama. Nemi abin da ba ya motsi, tsagar kwalta ko wata roba da aka kafa, ka ce nan nake fara birki, nan nake karkata. Inuwa ba alama ba ce, tana tafiya da rana. Jinkirta karkata har ka hango mafita, ka juya kanka gaba ɗaya zuwa inda kake so ka je, saboda mashin inda ido yake yake bi. Matse tanki da gwiwa don hannu ya huta. Wanda zai yi hagu, hannun hagu yake turawa gaba, kuma sandararren hannu ba ya iya wannan.

Ga wani lissafi da ya kamata mai bin bayan gwani ya sani. Riƙon da kwana ke nema daga taya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi a kan kansa. Kwanar da ka saba shiga da 80, in ka shige ta da 88, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na gudu, amma tayar kashi 21 aka ƙara mata. Shi ya sa manne wa wanda ya fi ka, ka kama birki inda ya kama, yake ƙarewa a ciyawa. Shi ya san abin da zai yi da gudun a tsakiyar kwana, kai alamarsa kawai ka ara.

Duk da haka akwai ranar da taya ke da hannu, sai dai mai ita ne ya jawo. Littafin yawancin mashinan tsere na Japan yana ba da iskar taya PSI (ma'aunin ƙarfin iska) 36 a gaba, 42 a baya, kuma wannan na titi ne, har da goyo. A fili, inda taya ke ɗaukar zafi iska ta kumbura, tayar titi takan zauna wajen 30 zuwa 32 tana sanyi, amma adadin da kamfanin tayar ya bayar shi ne abin bi. Sayi gejinka, kada ka dogara da na mai faci. Duk sauyin digiri 5 zuwa 6 na zafi yana motsa iska da kusan PSI 1, don haka abin da ka auna da rana tsaka a Wuse cikin watan Maris ba shi za ka tarar da asuba a Jos ba. A auna a wurin, da safen. Zagaye biyu na farko na ɗumama taya ne, kuma murɗa totur da kama birki a miƙe ne ke ɗumama ta. Lanƙwasa hagu da dama da wasu ke yi burgewa ce kawai. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a duk inda tayoyi ba sa bi, ruwan farko na Afrilu kuma yana taso da mai da datti, kwalta ta yi santsi fiye da tsakiyar damina.

Sai tayar Beljiyam. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar ba ta fili ba ce, ko da zanenta na nan. Waɗanda aka cire daga mashinan tsere a Turai sun fi ruɗi, ga su da kyan gani, amma sun sha zafi sun huce sau da yawa har robar ta ƙeƙashe. Man birki ma haka: sabon mai mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha danshi yakan sauko wajen 155. In ya tafasa, hannun birki zai taho har jikin roba babu kamu, a ƙarshen miƙaƙƙen layi kuwa. Shekara biyu ake canza shi, mai zuwa fili ya canza kafin ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mashin da ya faɗi kada a yi saurin tayar da shi. A tsayar da shi minti goma baƙin mai ya koma mazauninsa, a duba gejinsa, a buɗe akwatin matatar iska a ga ko mai ya shiga. Idan ya jima a kife, a cire fulogi a juya inji tukuna. Masu injekta suna da na'urar da ke yanke mai idan sun kwanta, in ya ƙi tashi a kashe makulli a sake kunnawa. A murɗa totur a saki, dole ya koma da kansa, a gwada kan yana miƙe, a gwada an juya shi iyaka hagu da dama. A nan ne kuma za a gwada tazarar hannu da tanki, in ɓangare ɗaya ya fi matsewa, matokarin kan ya lanƙwashe. Idan taya na kallon gaba hannu na kallon gefe, sau da yawa shokozoban gaba ne suka murɗe a maƙalansu: a sassauta notocin maƙalin ƙasa da na gindin taya, a bar na sama a ɗaure, a danna gaban sau da yawa, a ɗaure da sufana mai awo. In bai daidaita ba, ƙarfen ya lanƙwashe. A juya wili a ga ko yana rawa, a duba faifan birki, lagireto, da tsakanin taya da wili ko ƙasa ta cusa. Fenti da ya tsage kusa da walda a wuyan mashin alamar firam ya ji jiki ne. Hannun birki ko na kuloci da ya lanƙwashe a canza shi. Alminiyom ne, bakanike zai iya miƙar da shi ya yi kyau, ya kuma ɓalle ranar da aka matse shi da gaske.

Hular kwano da ta bugi ƙasa da kai a ciki ta gama aiki. Farin soson cikinta sau ɗaya yake matsewa, ba ya dawowa, ko da bayanta bai nuna komai ba. A yanke igiyarta kafin a yar, kada ta koma kasuwa. Sabuwa a nemi mai alamar ECE 22.06, wato tambarin gwajin inganci na Turai, abin kare baya kuma mai mataki na 2 na kariya. Kayan fata a bi ɗinkin kafaɗa, gwiwar hannu da mazaunai. Inshorar da doka ta wajabta ɓarnar da ka yi wa wani take biya, gyaran mashinka daga aljihunka ne.

Komawa fili kuma, a sauka zuwa rukunin mahayan da ke ƙasa da naka a gudu, a fara birki mita 20 kafin tsohuwar alama, a bi kwanar da giya ɗaya ba canji. Abu ɗaya ake gyarawa a kowane zango, ido a wannan, sakin birki a na gaba. Roƙi wanda ya fi ka ya bi bayanka zagaye uku ya gaya maka inda kake karkata, domin daga kan sirdi ba ka ganin kanka. Idan ka bi kwanar sau biyar a jere ta wuri ɗaya ba tare da hannu ya sandare ba, matsar da alamar birki gaba da mita biyu ko uku, kada ka wuce haka a zango ɗaya.