Ƙwallon da muka buga da samarin Ɗan Isa

Ni ɗan Jibiya ne, kuma wanda ya san garinmu ya san daga bodar Magama zuwa Ɗan Isa ta Nijar ba wata tafiya ba ce, kakata ta wajen uwa ma 'yar Madarumfa ce. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe boda aka yanke wa Nijar wuta, mu a jikinmu muka ji abin, kasuwa ta mutu, 'yan acaɓa da masu lodi suna zaune a gindin bishiya, ga 'yan uwa a tsallake ba damar zuwa ko gaisuwar mutuwa.

A lokacin muka buɗe guruf na WhatsApp da wasu samarin Ɗan Isa da Maraɗi, da farko don jin farashin kaya da canjin sefa, daga baya har cigiyar magani da saƙon rasuwa ta nan suke bi. Inda muka yi kuskure shi ne barin gardamar siyasa ta shigo. Wani namu ya rubuta wai ai Najeriya ce babbar yaya dole a bi ta, kafin gari ya waye kusan rabinsu sun fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiyarsu ce, mutum yana kwana cikin duhu da zafi ka zo kana masa gadara. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, muka sa doka ba zancen soja ba zancen farar hula.

Da aka buɗe boda a Maris 2024 muka ce bari mu haɗu ido da ido, muka shirya wasan ƙwallo, su balo suke cewa. Ranar farko ba ta yiwu ba saboda mun tashi da zafin kai ba mu sanar da kowa ba, rabin 'yan wasanmu ko katin ɗan ƙasa babu, aka dawo da mu. Sai muka je wajen mai unguwa, ya ce "Yarana, ai ba a shiga gidan mutum ta katanga", ya haɗa mu da wani dattijo da ke da surukai a can, waya ɗaya ya buga magana ta daidaita.

Sai batun kuɗi. Sun ce kowa ya kawo jaka ɗaya ta abinci, mu a wajenmu jaka naira 200 ce, su kuwa sefa 1000 suke nufi. Kyaftin ɗinsu ya kalli abin da na miƙa masa, ya ce "Ɗan uwa, wannan ko ruwan leda ba ta saya wa mutanenka." Tun ranar komai muke rubutawa da lamba da sunan kuɗin.

Sun ci mu biyu da ɗaya, muka ci dambu da zogale a tire ɗaya. Yanzu Nijar ta bar ECOWAS tun Janairun 2025, amma guruf ɗin na nan, kwanan nan ma hirar layin dogon Kano zuwa Maraɗi ake yi da wanda zai fara kama shago kusa da tasha. Bayan sallah su ne za su zo mana, ni aka ɗora wa neman fili da raga.